Malam Ina-Hujja da Shafin 'Yan Tsantsa

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa suna Malam Ina-Hujja, sunan kuwa ya bi shi har gida, har matarsa ma idan ta so tsokanarsa da shi take kiransa. Malamin labarin ƙasa ne a sakandaren da ke bayan tashar mota, a nan ya koyar har gashin kansa ya koma kalar allin da yake rubutu da shi. Idan yaro ya miƙe ya ce kogi kaza ya fi kogi kaza tsawo, Malam ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba. Sai ya zame tabarau zuwa karan hanci, ya leƙo yaron ta sama, ya ce, "Ina hujja?" Kai, ko gaishe shi ka yi ka ce yau an sha zafi, za ka ga leɓensa na motsi, da ƙyar yake haɗiye tambayar.

Mai gaskiya ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai gaskiyarsa irin mai gajiyar da mutane ce. A taron malamai shi ne mai tono maganar da kowa ya so a rufe, shi ya sa har ya yi ritaya bai taɓa zama ko mataimakin shugaban makaranta ba. Ranar da aka yi masa walimar ban kwana abokan aikinsa sun yabe shi ƙwarai, da yawansu kuma sun yi ajiyar zuciya a ɓoye.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya jera kwanukan kicin bisa girma, ya soma tambayar matarsa dalilin da ya sa take zuba gishiri kafin ruwa ya tafasa. Ita ce ta kira 'yarsu Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce, "Ki zo ki samo wa ubanki abin yi, kafin ɗayanmu ya bar wa ɗaya gidan nan." Auta ta kawo tsohuwar kwamfuta, ta ɗora a kan teburin da ke jikin tagar falo, ta nuna masa kundin sani na intanet, wato katafaren littafin nan da kowa ke iya shiga ya karanta kyauta, kowa kuma ke iya sa hannu ya rubuta, ba a biyan kowa ko sisi.

Malam ya fara da karanta dokokin wurin, kamar yadda ya saba. Ba a rubuta komai sai da majiya, littafi ko jarida ko rahoton da wani zai iya dubawa. Abin da ka gani da idonka ma ba ya shiga, sai in wani ya buga shi. Ba a ɗaukar ɓangare. Wanda kuma yake da dangantaka da abin da shafi ke magana a kai, to ya faɗa a fili, ya janye hannunsa, in yana da gyara ya roƙi wasu su yi masa. Da ya kai ƙarshe sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Ashe duk tsawon rayuwar nan akwai inda ake magana da irin bakinsa, shi ne bai sani ba.

Daga nan aka samu lafiya a gidan. Ya rubuta a kan koguna da gadoji da duwatsu, da tsuntsayen da ke sauka bakin tafki in ruwa ya ja baya. Ya yi abokan da bai taɓa ganin fuskarsu ba, kowa da laƙabinsa. Akwai Uwar Laburare, wadda suke gyara shafukan tsuntsaye tare, akwai Mai Tsintsiya, wanda aikinsa share duk abin da bai cancanci zama a kundin ba. Shafukan siyasa kuwa ko kallonsu Malam ba ya yi. Tun kafin kwamfuta ta shigo gidan, siyasa ta riga ta shigo, ta ɗauki abin da za ta ɗauka.

Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Dogo, ba a ƙasar aka haife ta ba. Tana goye aka tsallako da ita iyaka, ba ta san wata ƙasa ba sai wannan. Yayanta ne ya rene ta, wani mai gyaran agogo da yaran gidan ke kira Kawu. Shagonsa na wani layi da ake ce wa Layin Baƙi, ko da yake yawancin mutanen layin a nan aka haife su, a nan suka binne iyayensu. Ɗan ƙaramin shago ne mai shuɗiyar ƙofa, da wani ƙaton agogon ƙarfe rataye a samanta, wanda ya tsaya tun ba a san ranar ba. Kawu ya gyara agogon kowa a garin, nasa ne dai bai taɓa samun lokacinsa ba. Sa'ad da Malam ke makaranta yana koyarwa, a shagon nan Maman Dogo ke wuni tana taya yayanta karɓar aiki, da ɗan farinsu a gefenta.

Ɗan farin nan shi ne Dogo. Ya taso da kaifin kai da saurin fushi, da tabo a girar hagu tun na ƙuruciya. Ya gama karatu da sakamako mai kyau, ya shiga neman aiki, takalmi ya ƙare, aiki bai samu ba. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Ana cikin haka Jam'iyyar Tsantsa ta ɓullo, da baƙaƙen tutoci da jar ɗamara, da magana guda ɗaya tak: duk wanda ba a ƙasar aka haifi kakansa ba, ya tattara ya koma inda ya fito, don shi ya cinye aiki, shi ya cinye gidaje, shi ya kawo duk wata masifa. Mutane suka riƙa ce musu 'Yan Tsantsa. Da farko dariya ake yi musu.

Wata rana ana cin abincin rana, Dogo ya ce baƙi ne suka cinye ayyukan ƙasar. Ya faɗa ne a gaban uwarsa, tana zuba masa ruwa a kofi. Malam ya zame tabarau. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya yi shiru ya dafa kafaɗar ɗansa kawai. Amma tambaya ɗaya ya iya a duniya.

"Ina hujja?"

Dogo ya ajiye cokali. "Ni ne hujjar, Baba. Kalle ni. Ko sai an buga ni a jarida za ka yarda?"

Ba a jima ba ya kwashe kayansa. A bakin ƙofa ya ce wa uwarsa, ba tare da ya dube ta ba, in sun haɗu a hanya kada ta kira shi, don akwai abin da abokansa ba su sani ba game da shi. Ta ce to. Sannan ta tambaye shi ko zai tafi da bargo, don ɗakunan haya sanyi gare su. Bai tafi da shi ba, bai kuma sake tako gidan ba. Lambar waya ya canza, sunan da ya gada ma ya datse shi.

Bayan 'yan shekaru 'Yan Tsantsa suka yi wani babban gangami, da aka tashi wasunsu suka nufi Layin Baƙi da galan-galan na fetur. Kawu ya fito lafiya, sai ya tuna agogunan mutane na cikin aljihun tebur, ya ce amana ce, ya koma. Hayaƙi ne ya kashe shi. Malam ya sayi duk jaridar da ta buga labarin, ya bi sunayen waɗanda aka kama da yatsa, bai ga na ɗansa ba, tsohon ko sabon. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya gode wa Allah da rashin hujja. Shi da matarsa ba su taɓa yin maganar ba. Ta yi kukan yayanta a gaban jama'a, kukan ɗanta kuwa a banɗaki take yi, da famfo a buɗe, tana zaton ba a ji.

To, wata safiya, bayan ya daɗe da sabawa da kundin, yana neman wani abu daban sai tsautsayi ya kai shi shafin Jam'iyyar Tsantsa. Ashe wani ya rubuta musu shafi, da ranar kafuwa, da manufofi, da bayanin ƙona Layin Baƙi, har da sunan Kawu cikin waɗanda suka rasu. A sama ta hannun dama akwai hoto. Sabis ɗin unguwarsu ba shi da ƙarfi, hoto ba ya buɗewa gaba ɗaya, sai dai ya riƙa saukowa daga sama a hankali kamar ana sauke labule. Sararin sama ya fara fitowa, sai kawunan tutoci, sai hannuwa a ɗage, sai goshin mutane. Sai gira mai tabo.

Bai san Maman Dogo na tsaye a bayansa da tire ba, sai da ya ji numfashinta a kansa. Lokacin yanar ido ta fara rage mata gani, amma ba ta buƙaci a nuna mata ba.

"Matsa min," ta ce.

A ranar ya shiga zauren tattaunawar shafin, inda masu gyara ke musayar ra'ayi, ya rubuta cewa ɗansa na cikin hoton, yayan matarsa na cikin waɗanda suka rasu, don haka ba zai taɓa ko harafi ɗaya a shafin ba. Haka kuwa ya yi. In 'yan jam'iyyar suka shigo suka goge maganar gobara suka sa yabon kansu, sai ya sanar da wasu su mayar. In wani mai jin haushinsu ya shigo ya cika shafin da zagi, nan ma ya sanar. Ya zama mai gadin gidan da shi da kansa ya hana kansa shiga.

Ita kuwa ta mayar da abin aikin kowace safiya. In an sha shayi sai ta jawo kujerar roba ta zauna kusa da shi, ta ce, "Malam, buɗe min shi." Sai ya buɗe, su zauna suna jira. Tutoci su fito, ba ta kallonsu. Hannuwa su fito, ta ce, "Ga shi nan tafe." In fuskar ta gama fitowa sai ya ƙara wa hoton girma, ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Yau kamar ya rame."

"Maman Dogo, hoto ɗaya ne fa. Na jiya ne, shi ne na shekaranjiya."

"Ina hujja?" in ji ta, tana kwaikwayon muryarsa.

Wata rana ta ce ya yi ƙiba, wata rana ta ce aski yake buƙata. Ran da sabis ya ɗauke gaba ɗaya sai ta wuni ba walwala, ta ce hanya ce ba kyau. Kada wani ya ɗauka wauta ce. Ta fi kowa sanin abin da tutocin nan ke nufi, ai ita aka ce ta tattara ta tafi. Kullum sai ta sa ya duba mata ko an ƙara wani abu a rubutun. A ganinta muddin ba a rubuta an kama shi ko an kashe shi ba, to yana nan da ransa, ya kuma zo gaishe ta da safe. Gaisuwar da ta rage mata ke nan, Malam kuwa ya san haka sarai.

Ana nan, wata safiya suka tarar da jan akwati a saman shafin. Mai Tsintsiya ne ya nemi a goge shafin ɗungurungum, an buɗe muhawara ta mako guda, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Malam ya yi sauri ya kawar da akwatin daga gabanta don kada ta tambaya. Ta tambaya. Ya ce sanarwa ce ta masu gyara. Ba ƙarya ya yi ba, amma ranar sauran shayinsa ya huce bai sha ba.

Hujjar Mai Tsintsiya ba ta banza ba ce, abin da ya fi damun Malam ke nan. Ya ce mutanen nan ba abin da suke nema irin a san da su. Ba su da kujera ko ɗaya a majalisa, amma ga su da shafi irin na kowace jam'iyya, da tuta da tambari da ranar kafuwa. Duk matashin da ya nemi sunansu a waya, shafin nan zai fara gani, ya ɗauka mutane ne kamar kowa. Wasu suka goya masa baya. Wasu suka ce kundin sani ba gidan yabo ba ne, ai cututtuka ma suna da shafuka.

Ana tsaka da muhawarar Auta ta zo, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ita ma tana da rajista a kundin tun ranar da ta koya masa. Ta same shi a falo, uwarta na kicin, ta rage murya.

"Baba, na rubuta nawa. Na ce a goge."

"Kin faɗa musu ke wace ce?"

"Na faɗa. Ai 'yarka ce ni." Ta zauna a hannun kujera. "Baba, ni ce ke ɗaure wa mutane rauni in 'Yan Tsantsa sun wuce. Shekaranjiya wani tsoho mai sayar da katifa suka fasa wa baki, ina wanke masa jini yana tambayata laifin me ya yi. Ku kuma kun zaunar da su kujera ɗaya da masu gina asibiti, kuna auna musu kalma don kada a zalunce su. Su wa suka auna wa?"

"Ba mu ce sun yi daidai ba, Auta. Mun ce sun yi."

"To ai kowa ya sani."

"Kowa ya sani yau. Wanda za a haifa bana fa?"

Ta dubi ƙofar kicin. "Ni na san abin da ke ranka, Baba. Ba kundin ba ne, Mama ce. In hoton ne, yanzu zan sauke maka shi a cikin kwamfutar, ku yi ta kallo har ku gaji. Ni dai ba ni da yaya. Yayana ya mutu ran da Kawu ya mutu." Ta faɗa da ƙarfin hali, amma da ta zo sauke hoton sai da ta daɗe tana kallon tabon kafin ta danna.

Maganarta ta tsaya masa a rai, don gaskiya ce. Yana son shafin ya tsaya saboda matarsa, wannan kuwa ba hujja ba ce da zai iya kaiwa gaban mutane. Sai ya yi wa kansa abin da ya saba yi wa ɗalibai. Ya rubuta sunan jam'iyyar a wurin bincike, ya sa tafin hannu ya rufe shafin kundin, ya duba abin da ya rage. Shafin da jam'iyyar ta yi wa kanta ne, da hotunan yara na dariya, da matasa na dasa itatuwa, da tsofaffi na karɓar barguna. Babu Layin Baƙi. Jaridun da suka buga labarin gobarar, wata ta rufe, wata kuma tsofaffin labaranta sun ɓace daga intanet. In aka goge shafin, duk wanda ya nema ba zai ga inda aka ce an kashe Kawu da maƙwabtansa ba.

Ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kunyar sanyin. Ya zauna ya rubuta. Ya fara da tuna wa kowa ko shi wane ne, ya ce kada a ƙirga muryarsa, a dai duba maganarsa. Ya ce goge shafin ba zai goge jam'iyyar ba, bakin shaidu kawai zai rufe, ya bar masu laifi su kaɗai suna ba da labarin kansu. Da ya tsaya a nan, da ya isa. Amma Malam ne, yana tsoron kada wani ya ce son kai ne ya sa shi magana, sai ya ƙara layi ɗaya don ya wanke kansa: "Ba don a ga tutocinsu da adonsu aka yi shafin nan ba. An yi shi ne don a san abin da suka aikata."

Ya danna, maganar ta hau. Sai da ya sake karantawa ya gane abin da ya jawo wa gidansa.

Uwar Laburare ce ta fara amsawa. Ta ce Malam ya raba gardama, a bar shafin. Amma in haka ne, me hoton gangami yake yi a sama? 'Yan jam'iyyar ne suka ɗauke shi, su suka raba shi, sun zaɓi inda za su fito da yawa su yi kwarjini, tsagwaron talla ce. A cire shi, a sa hoton Layin Baƙi da wani ɗan jarida ya ɗauka washegarin gobara. Mai Tsintsiya ya ce in za a yi haka ya janye buƙatarsa. Masu cewa a goge da masu cewa a bari, waɗanda suka kwana biyu suna cacar baki, suka haɗu a kan wannan, kowa na yaba wa Malam. Ba mugunta suka yi ba. Sun karanta cewa ɗansa na cikin hoton, suka ɗauka sauƙi za su yi masa. Har Uwar Laburare ta rubuta masa, "Malam, kai abin ya fi shafa. Kana da ja?"

Ya daɗe a gaban tambayar. Daga kicin yana jin ƙarar wanke-wanke, da 'yar waƙar da matarsa ke yi da harshen iyayenta, wadda ba ta yi sai in tana zaton ba mai saurare. Ya nemi dalili ɗaya da zai sa hoton ya zauna, wanda zai iya rubutawa ya sa hannu a ƙasa. Ya juya ta nan, ya juya ta can. Abin da yake da shi kawai wata tsohuwa ce da kujerar roba, ita kuwa ba ta cikin littafi ko jarida. Ya rubuta, "Ba ni da ja." Ya kashe kwamfutar, ya fita ya tsaya a gaban famfon nan da ba abin da ya same shi.

Washegarin ranar da aka canza hoton, aka sha shayi, ta jawo kujera.

"Malam, buɗe min shi."

Mutumin da bai taɓa ƙara wa ɗalibi rabin maki ba, ranar ya gwada maguɗi. Ya buɗe hoton da Auta ta sauke. Kafin ya ɗauke yatsa hoton ya fito gaba ɗaya, tutoci da hannuwa da fuska, a cike tas.

Maman Dogo ba ta matso ba.

"Wannan ba daga ko'ina ya zo ba," ta ce. "A cikin gidan nan ya kwana."

"Shi ne dai, Maman Dogo."

"Hotonsa ne. Ina da irinsu a akwati, har da na ranar da ya gama makaranta. Ni wancan nake so, mai tahowa." Ta juyo ta dube shi da idon da ya fi gani. "Jan abin nan da ka ce sanarwa ce. Sun goge shi ne?"

"Ba su goge ba. Shafin na nan, ni na roƙa a bar shi." "Hoton suka canza. Da bakina aka canza shi."

"To buɗe min."

Ya buɗe. Sabis ɗin ya yi nauyi ranar, kamar da gangan. Sararin sama ya fito, fari fat. Ta gyara zama. Inda tutoci suka saba fitowa, sai bakin kwanon rufi a lanƙwashe, sai bango baƙi ƙirin. Ba ta ce ga shi nan tafe ba, amma ta matso. Sai ƙaton agogon ƙarfe, a karkace, rataye da ƙusa ɗaya. Sai ƙofa, rabi gawayi, rabi da sauran shuɗin fenti. Hoton ya ci gaba da saukowa, ita kuma ta ci gaba da jira, har ya kai ƙasa ya tsaya, ba mutum ko ɗaya a ciki.

Ta ɗaga yatsa ta ɗora a can ƙasan gilashin.

"Ga dokin ƙofar nan," ta ce. "A nan ya koyi tafiya. Kawunsa na riƙe da hannunsa, ya fizge wai shi zai tafi da kansa, ya faɗi ya fasa gira. Kawu ya fi shi kuka."

Hawaye ya taru a ƙasan tabarau ɗin Malam, ya bar shi.

Ta daɗe da yatsa a wurin. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta yi tambayar da ta yi shekara da shekaru a tsakaninsu ba wanda ya taɓa ta.

"Malam, a cikin rubutun nan, an ce yana wurin ranar?"

"Ba a ce ba."

"An ce ba ya wurin?"

"Shi ma ba a ce ba."

"To kai fa?"

Ba shi da jarida, ba shi da littafi, ba shi da shaida ko ɗaya. Ya dubi ƙonanniyar ƙofar, ya dubi farin gashin matarsa da ya leƙo ta ƙasan ɗankwali.

"Bai je ba," ya ce. "Dogo bai je ba."

Ya jira ta kwaikwayi muryarsa, ta tambaye shi abin da ta saba. Ba ta tambaya ba. Ta gyaɗa kai, ta tattara kofunan shayi, ta ce gobe ma ya buɗe mata.